Yayana da Barandaminsa

Idan kana so ka ɓata wa yayana rai da sassafe, ba sai ka zage shi ba. Ka nuna abin da ke kafaɗarsa kawai ka ce, "Sannu da ɗaukar gatari." Zai tsaya cak, ya sauke shi a hankali kamar mai sauke jariri, ya dube ka daga can sama inda Allah ya ajiye masa kai, ya ce, "Gatari na faskare ne. Wannan barandami ne." Daga nan ka shiga uku, don sai ka ji karatun duka, ko da tukunya ka bari a kan wuta.

Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗinki ne sana'ata, kuma na ji karatun nan har na iya shi ba da son raina ba. Barandami, in ji Yaya, ɗan'uwan gatari ne, amma ba halinsu ɗaya ba. Gatari gajere ne mai nauyi, sai ka sunkuya masa kafin ya yi maka aiki. Shi kuwa barandami, ruwansa, wato ƙarfen da ke yin saran, bai kai na gatari nauyi ba, sai dai ƙotarsa doguwa ce, don mutum ya sari abin da ke sama yana tsaye a ƙasa. Har nan na yarda da shi. Inda muke rabuwa shi ne asalin sunan, domin Yaya yana da asali har uku, kuma kowanne rantsuwa yake yi a kansa. Wata rana ya ce daga ƙarar faɗuwar reshe aka samo shi. Wata rana ya ce wani maƙeri ne a zamanin da ya ƙera shi don ya riƙa sare rassan bishiyar maƙwabcinsa da ba sa ga maciji, ba tare da ya taka gidansa ba. Ranar da ya ci ya ƙoshi kuwa, kakanmu ne ya raɗa sunan. Na taɓa tambayar wata malamar makaranta da ta kawo ɗinki, ta ce za ta bincika ta dawo mini da amsa. Har yau rigarta na nan a rataye.

Shekara talatin da ɗaya Yaya ya yi yana aiki a hukumar gari, sashen da ke rage wa bishiyoyin bakin titi rassa don kada su taɓa waya ko su faɗo wa mutane. A duk shekarun nan bai taɓa hawa bishiya ba. Bai taɓa taka tsani ba. Dalilin da yake bayarwa shi ne, "Gwani ba ya hawa. Hawa na wanda hannunsa bai kai ba ne." Ainihin dalilin kuwa, wanda ya fi ƙaunar a binne shi da shi a kan a ji, shi ne Yaya yana tsoron sama. Ba tsoro na wasa ba. Mutumin da in zai shiga shagona sai ya sunkuyar da kai, in ka ɗora shi a kan benci gwiwoyinsa rawa suke yi.

Ni na sani ne saboda ina wurin ranar da abin ya fara. Yana da shekara goma sha ɗaya iska ta ɗauke ɗankwalin Inna daga igiyar shanya ta ɗora shi a kan katanga. Yaya ya hau da sauri, ya ɗauko, ya waiwaya ya dubi ƙasa, shi ke nan. Ya rungume katangar nan tun hantsi har rana ta take, ɗankwali a baki, sai da Baba ya dawo daga aiki ya sauko da shi. Baba bai yi masa faɗa ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. Da Yaya ya girma ya je neman aiki a hukumar gari, aikin shuka furanni ya je nema, wanda ake yi a durƙushe. Mai ɗaukar ma'aikata ya dube shi tun daga ƙafa har ya gaji da ɗaga kai, ya ce mutum mai tsawo haka ba a ɓata shi a kan furanni, ya tura shi sashen bishiyoyi. Ya dawo gida fuska kamar an aiko masa da rasuwa. Baba ya shiga ɗaki ya fito da ruwan tsohon barandaminsa, ya miƙa masa, ya ce, "Ka sa masa doguwar ƙota." Iyakar abin da ya ce ke nan. Tun daga ranar ba wanda Yaya ya yarda ya taɓa ƙarfen nan, ko wasa shi za a yi da kansa yake yi.

Matsalar ita ce bishiya ba ta tsayawa inda ka bar ta. Kowace shekara sai ta ƙara tsawo, kowace shekara kuma sai Yaya ya je wurin kafinta a ƙara wa ƙota tsawo. Da katako ya gaza aka koma gora. Da gora ta gaza aka koma bututun ƙarfe, ana haɗa wani da wani da noti. Ta kai ga barandamin ba ya shiga motar aiki, sai a ɗaure shi a sama a rataya masa jan tsumma a wutsiya don masu zuwa a baya. In Yaya zai juya a kwanar titi da shi a kafaɗa, sai an yi shela, don ya sha cire wa dattawa hula ba da niyya ba. A gida kuwa ta taga ake shigar da shi, ya ratsa falo, kansa ya kwana a kicin. Matar Yaya ta yi ƙorafi shekara biyu, ta ga ba ci gaba, sai ta mayar da shi abin shanya.

Ita ma ta san sirrin, don ita ce ke canza ƙwan fitila a gidan, Yaya yana riƙe mata kujera yana ba ta umarni. Gadar sama ta masu tafiya da ƙafa da aka gina a babban titi, Yaya ya ce an yi ta ne don malalata, ya gwammace ya yi zagaye mai nisa. An taɓa ba shi girma a wurin aiki, da ofis a hawa na biyu, ya ce shi ba mai son girma ba ne, har aka riƙa yabonsa da tawali'u. A gidanmu kuwa kalmar ta samu wani amfani da ba za ka ji shi a wani gida ba. In mutum ya aika saƙo maimakon ya je da kansa, ko ya yi wa wani faɗa ta bayan katanga, sai mu ce ya yi aikin barandami. Yaya yana jin daɗin wannan, a zatonsa yabo ne.

Abokin aikinsa na tun farko wani gajeren mutum ne da ake kira Ƙadangare, saboda kafin ka ce ga bishiya ya kai ƙololuwarta. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, kuma tun ranar bakin Ƙadangare bai huta a kan Yaya ba. Ya tsokani hancinsa, ya ce da shi ake fara sanin ya shigo kwana. Ya tsokani ƙafarsa, ya ce takalminsa ɗaya zai ishi iyali su tsallake kogi. Ya ce in Yaya ya sha shayi da safe, sai azahar yake isa cikinsa. Yaya kuma yakan ce masa, "Yi magana da ƙarfi, ba na jin abin da ake faɗa a ƙasa." Haka suka tsufa tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sai dai gajeren ne a saman. Ni dai ban taɓa son mutumin nan ba. Kullum gabana faɗuwa yake yi kada wata rana bakinsa ya kai inda ba a so.

Saura mako uku Yaya ya yi ritaya aka kawo musu sabuwar shugaba, matashiya ce mai fara'a da ladabi, tana kiran kowa Baba. Kirkinta ne ma ya ja mana. Da ta ji labarin wanda ya yi shekara talatin da ɗaya bai taɓa fashin aiki ba, sai ta ce a ranarsa ta ƙarshe za a ɗauke shi hoto yana sare reshensa na ƙarshe, a rataya a ofis. Ta zaɓi bishiyar da kanta. Bishiyar turare ce doguwa da ke ƙofar shagona, mai wani busasshen reshe can sama wanda na yi wata shida ina kai ƙararsa.

A daren da ya gabaci ranar ba wanda ya yi maganar reshen, amma da safe na ga Yaya ya ƙara bututu ɗaya, na huɗu ke nan. Sai da mutum biyu suka taya shi tayar da barandamin tsaye. Ya sa sabon kaki, matarsa ta goge masa shi har yana ɗaukar ido. Mai hoto ya zo, direban motar aiki ya zo, sauran ma'aikata sun zo, mai gyaran takalmi da mai sayar da katin waya da duk wanda ba shi da aikin yi a layinmu sun zo. Ni ma na kashe keken ɗinki na fito, tsinken allura a baki.

Sara na farko ya yi kyau. Na biyu ya fi shi. Jama'a suka yi tafi, shugaba tana cewa, "Baba, ɗan juyo da fuska." A na uku ne Yaya ya ja baya don ya nuna musu abin da ake kira gwaninta, ya kai sara da dukan ƙarfinsa. Bututun ya yi lauje kamar bulala, reshen ya karye ya faɗo, aka yi ihu. Sai dai da Yaya ya sauke ƙotar, ba komai a kanta. Ruwan barandamin ya fice, ya kafe a jikin bishiyar, can inda reshen ya rabu da ita, yana ƙyalli a rana.

Yaya ya tsaya riƙe da bututu tsirara, yana kallon sama.

Ƙadangare ya fara cire takalmi. "Matsa, Dogo, in ɗauko maka cokalinka."

"A'a, Baba Ƙadangare," in ji shugaba, tana murmushi. "Ai an gaya mini ba mai taɓa ƙarfen nan sai shi, na mahaifinsa ne. Kuma hoton ma zai fi kyau a sama. Ku kawo tsani!"

Na lura ba wanda ya motsa a cikin ma'aikatan. Direba ya shiga duba tayar mota. Wani ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Da ta ga haka sai ta kira mai gyaran takalmi da mai katin waya, su kuwa da murnarsu suka sauko da tsanin daga mota suka jingina shi da bishiya. Ta riƙe gindinsa da hannunta biyu ta ce, "Bismillah, Baba."

Ina rantsuwa da a ce Yaya ya ce bayansa na ciwo, da ba wanda zai ce komai. Dattijo ne mai ritaya. Amma mutum ne da ya yi shekara talatin da ɗaya yana cewa ba ya hawa ne don ba ya bukata, ba don ba ya iyawa ba, ga kuma layi guda an zuba masa ido. Ya ajiye bututun. Ya goge tafin hannunsa a kaki. Ya taka matakin farko.

Na ƙirga su da bugun zuciyata. Na biyu, na uku, idonsa a kan ɓawon bishiya. Na biyar, tsanin ya fara kaɗawa, ba don iska ba. A na bakwai mai hoto, Allah ya shirye shi, ya ce, "Baba, kallo nan!" Yaya ya kalli ƙasa.

Na san rungumar nan. Ita ce ta katanga, sai dai yanzu da furfura. Ya zura hannayensa biyu ta cikin tsanin ya ƙanƙame, ya manna kumatunsa a ƙarfe, ya rufe ido. Tsanin yana ta ƙara kamar ana kaɗa kwano.

"Baba, lafiya?" in ji shugaba.

Yaya ya ƙara ƙanƙame tsanin.

"Addu'a yake yi," na ce da ƙarfi. "Haka yake yi kullum a mataki na bakwai."

Aka yi shiru ana jiran addu'a ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Na ji mai katin waya ya fara cewa, "Kai, anya mutumin nan ba..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na kwasa da gudu na shiga shago ina kururuwa, "Wuta! Dutsen guga! Wuta!" Jama'a suka biyo ni. Mai gyaran takalmi, wanda ban taɓa ganin ya yi sauri a rayuwarsa ba, ya ɗauko bokitin ruwan da yake jiƙa fata a ciki ya sheƙa wa teburina, a kan farin yadin wata mata da ba ta san wasa ba. Da aka ga ba hayaƙi aka dube ni, aka koma waje. Na yi asarar yadi, Yaya kuma yana nan inda na bar shi.

Sai na ji muryar Ƙadangare ta tashi, da faɗa sosai kamar zai daki wani. "Wa ya ɗauko wannan tsanin? Wa ya ɗauko shi? Ba shi ne mai tsagewa a mataki na takwas ba? Tun bara na ce a jefar da shi! Dogo, kada ka motsa, ka ji? Ka yi daidai da ka tsaya. In ka ƙara taki ɗaya sai asibiti."

"Haka ne," in ji direba da sauri. "Ni ma na ga tsagewar."

"Ni ma," in ji mai takalmi marar igiya.

Shugaba ta dafe ƙirji, ta shiga ba da haƙuri. Ƙadangare ya hau tsanin ta baya, ya sa kansa a ƙarƙashin ƙugun Yaya, ya kama idon sawunsa ɗaya ya sauko da shi mataki ɗaya, ya kama ɗayan ya sauko da shi, yana yi yana surutu. "Wannan ƙafa ko kwale-kwale? Saki hannun, tsanin ba matarka ba ce. Saura huɗu. Me kake ci ne haka? Saura biyu." Da tafin Yaya ya taɓa ƙasa jama'a suka yi tafi, mai katin waya yana cewa gwani ne kawai zai ji tsagewar tsani ta tafin ƙafa. Shugaba ta sa aka ɗauke tsanin, ta ce yau ɗin nan za ta rubuta a sauya shi. Tsani lafiyayye, ko tsatsa babu.

Muka shigar da Yaya shago muka zaunar da shi a ƙasa, don ko kujera ba na son ya hau a lokacin. Na ba shi ruwa, rabi ya zube a sabon kaki. Ƙadangare ya shigo ya zauna a kan buhun ƙyallaye, direba ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta da jikinsa. Ruwa yana ta ɗiga daga teburina.

"Tsanin nan ba shi da tsagewa," in ji Yaya, idonsa a ƙasa.

"Ba shi da ita," in ji Ƙadangare.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Da aka ce mu hau bayan mota ka ce kai ka fi son tafiya da ƙafa."

Yaya ya juyo ya harare ni. Na ɗaga hannu na rantse ban taɓa gaya wa ko bango ba.

"Su wa suka sani?"

Ƙadangare ya fara lissafi da yatsu. "Ni. Direba. Mai gadi. Matar da ke share ofis. Shugabanni huɗu da suka wuce, har da marigayi. Kafintan da ke yi maka ƙota. Kai, duk wanda aka ɗauka aiki a sashen nan, ranar farko kafin a ba shi kaki, sai an ja shi gefe an gaya masa abu biyu: kada ya tsaya a ƙarƙashin reshen da ake sara, kuma dogon nan ba a miƙa masa tsani." Ya sosa ƙeya. "Yarinyar nan ce muka manta. Ni na zaci direba ya gaya mata, shi ya zaci ni na gaya mata."

"Laifina ne, Dogo," in ji direba daga bakin ƙofa. "Ka yafe."

Na dubi gajeren mutumin nan da na yi shekaru ina jin haushinsa, na ji kunya ta rufe ni. Ba gaɓar jikin Yaya da bai yi wa ba'a ba, amma wuri ɗaya da zai yi ciwo bai taɓa kai baki ba, kuma ya tsare shi daga bakin kowa.

Yaya ya daɗe yana murza kofin a hannunsa. "Wato," ya ce, "bututu huɗu. Kafaɗata ta karkace. Na ƙi ofis. Na yi ta zagaye gada. Duk ina ɓoye abin da har mai shara ta sani."

"Ai kana ƙoƙari," in ji Ƙadangare. "Ba mu so mu karya maka gwiwa ba."

Dariya ta kuɓuce wa Yaya, irin wadda ke fitowa ta hanci, sai kuma ta juye ta zama wani abu dabam, ya sa hannun kaki ya rufe fuska. Ni ma na juya ina matse yadin mutane, ina kuka ba dalilin yadi ba. Ban taɓa ganin yayana ƙarami haka ba, ban kuma taɓa ganin nauyi ya sauka daga kan mutum a fili haka ba.

Da ya natsu ya miƙe, ya sunkuyar da kai ya fita. Jama'a ba su gama watsewa ba, shugaba tana nan tana yi wa mai hoto bayani, ƙarfen mahaifinmu kuma yana can sama inda ya kafe. Yaya ya tsaya a gindin bishiyar, ya ɗaga murya yadda har mai katin waya zai ji.

"Ƙadangare."

"Na'am, Dogo."

"Hau ka ɗauko mini. Ni tsoro nake ji."

Ƙadangare bai ce komai ba, karo na farko tun da na san shi. Ya tofa yawu a tafin hannunsa, ya kama bishiyar.